Marubuci da Edita a Farkon Ƙagaggun Labaran Hausa

Al'adar miƙa rubutu ga edita ta kafu a adabin Hausa na boko a 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Malamai suka aika da rubuce-rubucensu, East ya duba, ya ba da shawarar gyara, marubuta suka sake dubawa kafin bugu. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Littafin Jiki Magayi kuwa ya fito da sunan John Tafida da na East tare, domin kowannensu ya sa hannu. Daga baya aka gayyaci Imam Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce.