A YI WA ALWALI ADALCI

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin jihadi a ƙasar Kano ya san inda ake ajiye Sarki Muhammadu Alwali, wato layin azzaluman sarakunan Haɓe waɗanda Allah ya kawar. Shi ne na ƙarshe a gidan Kutumbawa, ya yi sarauta daga 1781 zuwa 1807. Nufin wannan maƙala shi ne mu tsaya a inda ya tsaya, mu dubi duniya da idonsa, ko ma ga abin da ya gani.

Shaidarmu ta farko littafin Tarihin Kano ne, wanda aka kammala rubuta shi a zamanin sarakunan Fulani, ba a fadar Alwali ba. Littafin ya nuna cewa da hawansa gadon sarauta abin da ya fara yi shi ne tara hatsi, don gudun yaƙi da yunwa. Manomin Tofa ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. A ƙasar da gona ke jingine da gona, babu dajin da za a faɗa in damina ta yi gardama, rumbu shi ne ganuwa ta gaskiya. A ganin Alwali ke nan, sarauta ciyarwa ce da tsaro. Duk da haka yunwar ta riske shi.

A nan ne zancen Dirki ya shigo, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. Dirki wani abu ne naɗe cikin fatu, ana yi masa yanka tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki. Fadawa suka matsa wa Alwali ya ba da shanu 40 kamar yadda aka gada. Ya ƙi. Da suka dame shi sai ya fusata, ya sa samari suka sassare Dirki da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. To, wa ya rusa wannan bidi'a a Kano? Mutumin da ake kira mai riƙo da tsafi! Sarakuna nawa suka wuce suna yanka, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta sai shi, kuma a lokacin da talaka ke neman abin sawa a baki.

Sai batun haraji, wanda shi ne babban kukan masu jihadi, kuma kuka ne na gaskiya. Amma fa gado ya ci. Kutumbi ne ya fara karɓar jangali, Kumbari kuwa shi ya ƙaƙaba haraji a kasuwar Kurmi har da kan malamai. Bayan an kawar da Haɓe ma harajin bai mutu ba, domin da Bature Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana biyan kuɗin ƙasa.

Da jama'ar su Malam Jamo da Malam Bakatsine da Dabon Dambazau suka yi hijira zuwa Kwazazzabo, abin da Alwali ya gani shi ne talakawansa sun ware da makamai a cikin ƙasarsa. Wane sarki ne, Bahaushe ko Bafulatani, zai naɗe hannu? Ko Shehu Laminu na Barno ya yi jayayya da Muhammadu Bello a rubuce, yana mai cewa saɓo daban, kafirci daban.

Ban ce hannun Alwali fari tas ne ba, kuma ba na musun ilmi da gyaran da jihadi ya kawo. Shi dai ya dogara ga dawakai da taimakon Katsina da Daura, aka karya su a Ɗanyaya. Ya nufi Zariya, ya dawo ta Rano, aka cim masa a Burum-Burum aka kashe shi, Malam Sulaimanu ya zauna a mazauninsa.