Tarihin ƙwayoyin ƙarfe masu kogo

Ƙwayoyin ƙarfe masu kogo ɓarɓashi ne na faladiyom, filatinom, zinariya ko nikel, waɗanda cikinsu fanko ne kamar duman da aka rarake. Faɗin ƙwaya ɗaya bai cika wuce nanomita 100 ba, nanomita kuwa shi ne kashi ɗaya idan aka raba milimita gida miliyan. Aiki biyu ake nemansu da shi: ajiye iskar haidirojin, da aikin katalis, wato abin da ke shiga tsakanin sinadarai ya sa su daidaita da wuri, shi kuma ya fito yadda ya shiga. Dillali ne, irin na Kasuwar Dole ta Damagaram, sai dai shi ko la'ada ba ya karɓa.

A 1823 Johann Döbereiner na garin Jena a Jamus ya ga haidirojin na kama wuta da kanta in ta bi ta kan garin filatinom. A 1835 Berzelius, mutumin Suwidin, ya raɗa wa al'amarin suna, wato aikin katalis. Thomas Graham kuma, shugaban gidan buga kuɗi na Ingila, ya nuna a 1866 cewa faladiyom na shan haidirojin kamar yadda soso ke shan ruwa, har kusan ninki 900 na girmansa. Adadin ya fi daɗi a kunne fiye da a ma'auni, domin iskar da ya sha ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Ga tsada: a Maris na 2022 oza ɗaya ta faladiyom ta haura dala 3,000.

Tsadar nan ce ta ja ragamar sauran tarihin. Aikin katalis a fatar ƙarfe yake faruwa, abin da ke can ciki zaman banza yake yi. Saboda haka aka yi ta neman yawaita fata a rage tsoka. A 1926 Murray Raney, Ba'amurke, ya narka nikel da alminiyom wuri guda, ya cinye alminiyom ɗin da soda irin ta sabulu, aka bar nikel duk ramuka. Har yau masana'antu na aiki da shi.

Hanyar rarake ƙwaya guda ta ɓullo ne daga inda ba a zata ba. A 1947, a Detroit, Ernest Kirkendall da ɗalibarsa Alice Smigelskas suka lulluɓe tagulla da jan ƙarfe suka gasa, suka ga tutiyar da ke cikin tagullar na fita da sauri fiye da yadda jan ƙarfe ke shiga. Inda mai fita ya fi mai shiga yawa, dole gida ya zama kango. Shekara da shekaru injiniyoyi na ɗaukar ramukan nan a matsayin aibi mai raunana walda. Sai a 2004 Yadong Yin da Paul Alivisatos, a Berkeley ta Amurka, suka mai da aibin sana'a: suka haɗa ƙwayoyin kobal da farar wuta, kobal ɗin ya yi ta kwarara waje, ya bar ɓawo zalla.

Ɓawo kuwa fashewa yake. Tun shekarun 1980 masana a Novosibirsk ta Rasha suka gano ana iya manna garin ƙarfe a jikin wani ƙarfe ba tare da narkawa ba, ta hanyar harba shi da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa. Tambayar da ta taso ita ce ko ƙwaya mai kogo za ta jure irin wannan duka, ko za ta lotse ta rasa kogon da aka sha wahala dominsa. Yawanci da kwamfuta ake gwadawa, ana bin motsin kowane atom, ana sauya kaurin ɓawo da saurin harbi. Mafi yawan ƙwayoyin nan har yanzu ba su fita daga ɗakin gwaji ba.

Danginsu marasa kogo dai sun daɗe da isowa ƙasar Hausa. Makanikan Najeriya na kiran abin tace hayaƙi da ke cikin salansar mota da suna indomi, saboda siraran ramukansa, kuma ɗan filatinom da faladiyom da aka shafa masa ne ke sa ɓarayi kwance shi. A jihar Damagaram akwai matatar SORAZ, a yankin Ollelewa kan hanyar Tanut, wadda Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe ranar 28 ga Nuwamba, 2011. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. A matatu irin wannan, katalis ne ke farfasa mai mai nauyi ya koma fetur, filatinom kuma na gyara fetur ɗin yana sakin haidirojin, wadda ake juyawa a wanke farar wuta daga dizal kafin ya kai ga manyan motoci da injinan niƙa na garuruwa irin su Droum da Mirriya.