Daga Keken Doki Zuwa Masana'anta: Tarihin Kalmomin Da Bature Ke Kiran Jigon Abu

Yau zan ɗan ajiye labarin da muka saba, in tattauna da ku a kan wasu kalmomin Turanci waɗanda Bature ke ɗaukowa idan zai ce abu kaza shi ne jigo, in babu shi komai ya tsaya. Abin da ya ja hankalina shi ne, kowaccensu daga wata sana'a ta fito, ta yadda in ka jera su sai ka ga tarihin mutanen Ingila da irin aikin da suka ci abinci da shi a kowane zamani.

Mu fara da "linchpin". Asalinta daga tsohon Turanci ne, "lynis", wato ɗan siririn ƙarfen da ake cusawa a bakin sandar da ke riƙe da ƙafafun keken doki. Bai fi tsawon yatsa ba, amma ranar da ya zare, ƙafa ta fita, kaya da mai kaya duk suna ƙasa. Yau Bature na kiran mutum da wannan suna idan shi ne ke riƙe da gida ko ma'aikata, ko da kuwa ba shi ne shugaba ba.

Daga hanya sai mu shiga wurin magina. "Cornerstone" shi ne dutsen da ake fara kafawa a kusurwar gini, daga jikinsa ake ɗaukar saitin bango, in ya karkace duk ginin ya karkace. Kalmar ta ƙara zama a bakin mutane saboda tana cikin fassarar Baibul da aka buga a 1611 bisa umarnin Sarki James. Ɗan'uwansa shi ne "keystone", dutsen da ake sakawa a ƙarshe a tsakiyar ƙofa mai lanƙwasa, irin ginin da Rumawa suka shahara da shi. Duwatsun hagu da na dama duk a kansa suke jingina, shi ya sa sai an saka shi ake cire katakon da ya tallafi ginin.

Wannan kalma ta yi tafiya mai nisa. A Amurka ana yi wa jihar Fensilbaniya laƙabi da ita, domin tana tsakiyar yankuna 13 da suka ayyana 'yancinsu a 1776, kuma a birninta na Filadelfiya aka yi zaman. A 1969 kuma wani masanin halittu na Jami'ar Washington, Robert Paine, ya shigar da ita ilimin kimiyya. Ya riƙa tsince wata halittar ruwa mai siffar tauraro daga duwatsun bakin teku yana jefarwa, sai wani nau'in ƙumba da take ci ya mamaye wurin, nau'o'in halittun da ke nan suka ragu daga 15 zuwa 8. Tun daga nan ake kiran duk dabbar da rashinta ke rusa muhalli da sunan wannan dutse.

Ingila a kan tsibiri take, don haka teku ma ta ba da nata. "Mainstay" igiya ce mai kauri da ke ɗaure babbar sandar jirgin ruwa mai tafiya da iska, don kada guguwa ta karya ta. Yau sai ka ji sun ce noma ko fetur shi ne "mainstay" na tattalin arzikin ƙasa, alhali mai faɗar bai taɓa hawa irin wannan jirgi ba.

Da zamanin injuna ya zo, sai magana ta sauya. A 1841 wani injiniya, Joseph Whitworth, ya fito da ma'auni guda na zaren noti, ta yadda notin wannan masana'anta zai shiga ƙarfen waccan. Daga baya Bature ya fara cewa "nuts and bolts" idan yana nufin ainihin yadda aiki ke gudana. To amma a nan ne kuma aka sami "cog in the machine", wato haƙori ɗaya a jikin giyar inji. Shi ma in babu shi inji ba ya juyawa, sai dai ana faɗarsa ne ga ma'aikacin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, domin in ya karye akwai irinsa dubu a sito. Fim ɗin Charlie Chaplin na 1936, Modern Times, ya nuna mutum yana wucewa ta cikin haƙoran inji. Ka ga ke nan, ƙusar keken doki abin yabo ce, haƙorin inji kuwa abin tausayi, alhali duk ƙarfe ne.

To, ina ruwanmu mu marubuta Hausa? Ruwanmu shi ne, sau da yawa nakan ga an fassara waɗannan kalmomi kai tsaye, a rubuta "dutsen kusurwa" ko "dutsen mabuɗi", mai karatu ya tsaya yana zare ido. Bahaushe bai yi gini da irin wannan dutse ba. Dubi bakan gizo na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Da azara da ƙasa aka lanƙwasa shi, babu wani dutse guda a tsakiya, shi ya sa ba mu da sunansa. Namu kalmomin daga namu sana'o'in suka fito. Ginshiƙi daga magina, shi ke ɗauke da rufin soro. Jigo daga masu lambu, itacen da ake ɗaga ruwa da shi daga rijiya, kuma shi ne har yau muke cewa jigon labari.

Saboda haka ɗan'uwa marubuci, in ka ci karo da "keystone" ko "linchpin", tambayi kanka wane aiki abin yake yi, sannan ka nemi abin da ke yin wannan aikin a gidan Bahaushe.