Tarihin Neman Maganin Ƙiba: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Saya

'Yan uwa, a al'adarmu mun daɗe muna ɗaukar teɓa a matsayin alamar wadata. Yanzu kuwa hawan jini da ciwon suga sun sa da yawanmu na neman ramewa, kuma masu tallan shayi da allurar rage ƙiba sun cika Facebook da WhatsApp. Kafin mu miƙa musu kuɗinmu, yana da kyau mu san inda wannan harka ta faro.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an lura ma'aikatan masana'antar harsasai a Faransa suna ramewa saboda wani sinadari mai suna DNP. A 1933 likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fara ba da shi don rage ƙiba. Jiki ya zube kamar yadda ake so, amma wasu yana ta rufe musu ido, wasu zazzaɓi mai tsanani ya kashe su. A 1938 aka hana sayar da shi. Haka aka sake yi da haɗin ƙwayoyin da ake kira fen-phen: jama'a sun yi rububinsa, sai a 1997 aka janye shi bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. A 2010 kuma aka janye sibutramine saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Tiyata ma ta sha irin wannan gwagwarmaya. A shekarun 1950 likitoci a Minnesota suka fara karkatar da abinci don ya tsallake mafi yawan ƙaramin hanji. Mutane sun rame, amma gudawa, tsakuwar ƙoda da lalacewar hanta suka biyo baya, har aka yi watsi da hanyar. Sai Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi ba sa ƙara ƙiba. A 1966 ya fara aikin ƙanƙanta tumbi da haɗa shi da hanji, kuma wannan ne tushen tiyatar da ake yi yau. Daga shekarun 1990 aka koma yin ta ta ƙananan huji da kyamara maimakon farke ciki. Duk da haka wanda aka yi wa yana buƙatar bitamin da bibiyar likita tsawon rayuwarsa.

Allurar zamani ta samo asali ne daga binciken sinadarin da hanji ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A 2021 Amurka ta amince da Wegovy, allurar mako-mako, wadda a gwaji ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi. Idan aka daina, nauyin yakan dawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun irin wannan allura.

Magungunan da aka janye duk sai da suka yi farin jini kafin illarsu ta bayyana, kuma da sa hannun likitoci aka fara su. To ina ga shayin da babu lambar NAFDAC a jikinsa? Duk mai son rage ƙiba ya fara zuwa asibiti a auna masa jini da suga, ya nemi shawarar likita. Allah ya ba mu lafiya.