SIWES: Koyon Magana a Wurin Aiki

SIWES shiri ne da hukumar ITF, mai hedkwata a Jos, ta soma a 1973 domin ɗaliban manyan makarantu su ɗanɗana aiki kafin su gama karatu. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi wata huɗu, na jami'a yawanci wata shida.

'Ya'yanmu na Miga masu karatu a Haɗejiya, Dutse ko Kafin Hausa sukan zaci aikin hannu kaɗai za su koyo. Mun lura magana ce ta fi ba su wuya. Ɗalibin aikin gona da aka tura fadama wurin manoman shinkafa, dole ya mai da Turancin aji Hausar da dattijo zai gane. In bai gaisa ba, bai ce "Baba, ina gajiya, yaya ruwa?" ba, da wuya a saurari shawararsa. In bai fahimci umarnin shugabansa ba, gara ya sake tambaya da ya yi shiru don kunya.

Akwai kuma littafin da yake rubuta aikin kowace rana, shugaban wurin ya sa hannu. Wanda ya rubuta abin da bai yi ba, tambaya biyu ta ishi malamin da ya zo dubawa ya gane.