Mai Goge Gilashi da Dillalin Hatsi

A ranar 27 ga Yuli, 1656, dattawan Yahudawan birnin Amsadam, waɗanda iyayensu suka yi hijira daga Fotugal bayan an tilasta wa kakanninsu shiga Kiristanci, suka kori wani saurayi mai shekara 23, Baruch Spinoza, suka tsine masa, suka haramta wa kowa ya yi magana da shi, ko ya zauna da shi ƙarƙashin rufi ɗaya, ko ya karanta abin da ya rubuta. Saurayin bai koma neman afuwa ba, bai kuma karɓi Kiristanci ba. Sai ya kama sana'ar goge gilashin madubin hangen nesa, da rana yana murza gilashi ƙura na shiga ƙirjinsa, da dare yana rubutun da malaman majami'un Holan za su shafe ƙarni guda suna yi masa raddi.

A 1670 ya fitar da littafinsa kan addini da siyasa cikin harshen Latin, ba da sunansa ba, aka kuma rubuta a bango wai a Hambog aka buga shi, alhali a Amsadam ne. Taka-tsantsan ɗin yana da dalili, domin a 1669 abokinsa Adriaan Koerbagh ya mutu a kurkuku saboda irin wannan rubutu. Abin da Spinoza ya kawo a littafin shi ne a karanta Littafi Mai Tsarki yadda ake karanta kowane tsohon littafi, a bincika harshensa, da zamaninsa, da hannuwan da ya bi kafin ya iso ga mai karatu. Da ya ɗora wannan ma'auni a kan littattafai biyar na farko, waɗanda Yahudu da Nasara suke jinginawa ga Annabi Musa, sai ya nuna cewa a ƙarshensu an ba da labarin wafatinsa da binne shi, an kuma kira wani gari Dan, sunan da bai samu ba sai bayan zamaninsa. Daga nan ya rinjayar da cewa Uzairu ne ya harhaɗa su ƙarnuka da dama daga baya. Shi da kansa ya ce ya ɗauko bakin zaren daga ishararorin Ibn Ezra, malamin Yahudun Andalus. Masu karatun ilmin kalami kuwa sun san Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya riga Spinoza kawo irin waɗannan hujjoji da shekara ɗari shida. Kotun Holan ta haramta littafin Spinoza a 1674.

Amma a ganina, wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne mas'alar ƙaddara da zaɓi. Majami'ar Holan ba baƙuwa ba ce ga wannan jayayya, domin a taron malamanta na Dodrek, 1618 zuwa 1619, ta yanke cewa Allah ya riga ya zaɓi masu tsira tun fil azal, ta kori mabiyan Arminius da suka bar wa ɗan Adam ɗan rabo a cikin lamarin. Sai dai Spinoza ya wuce nan da nisa: a wurinsa Allah da halitta abu ɗaya ne, babu nufi, babu mu'ujiza, kowane abu sababi ne ya haife shi ala tilas. A wata wasiƙa ta 1674 ya buga misali da dutsen da aka jefa, wanda da yana da hankali, da ya zaci da son ransa yake tafiya; haka mutum ya san sha'awarsa amma ya jahilci abin da ya haddasa ta. Ko Jabariyya, masu cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi, ba su kai nan ba, don su sun bar Mai hukunci da ranar hisabi.

Wanda ya fi matsa masa a kan wannan ba shehin jami'a ba ne, wani dillalin hatsi ne na Dodrek, Willem van Blijenbergh, mai nazari a lokacin da kasuwa ta ba shi sarari. Tsakanin Disamba 1664 da Yuni 1665 wasiƙu takwas suka gudana tsakaninsu, tambayar dillalin kuwa guda ce, yana ta jujjuya ta: in har Allah ne sababin kowane motsi na zuciya, to, cin ɗan itacen da Adamu ya yi, ko dai ba saɓo ba ne, ko kuwa Allah ne ya aikata saɓon; in kuma haka ne, mene ne bambancin mai kisan kai da mai sadaka? Spinoza ya amsa cewa sharri ba wani abu ne samamme ba, rashi ne kawai da muke gani idan mun gwada wani da wani, hanin da aka yi wa Adamu kuma sanarwa ce cewa ɗan itacen zai cutar da shi kamar dafi. Dillalin bai gamsu ba, ya sake tambaya, har ya yi tattaki ya same shi. Daga ƙarshe Spinoza ya rubuta masa cewa a bar maganar.

Spinoza ya rasu a Heg ranar 21 ga Fabrairu, 1677, yana da shekara 44, da ciwon huhu, aka binne shi a wata majami'ar Kirista ta birnin. Hanyarsa ta binciken nassi ta yi tsawon rai, har ta shiga makarantun tauhidin Kirista na Jamus a ƙarni na 19, inda irin su Julius Wellhausen suka faɗaɗa ta. A kan ƙaddara kuwa, ni dai ina tare da dillalin hatsi: wanda ya soke zaɓi ɗungurungum dole ya bayyana mana daga ina nadama take zuwa, da wane haƙƙi kuma alƙali yake hukunta mai laifi, kuma amsar da Spinoza ya bayar ba ta kai nauyin tambayar ba.