Kwaɓin Da Ke Riƙe Katanga: Daga Tubali Zuwa Bulo

Idan ana maganar ginin gargajiya a ƙasar Hausa, ido yakan tafi ga zankwaye da ɗaurin guga da adon ƙofar zaure. Ba kasafai ake tuna kwaɓin da ke tsakanin tubali da tubali ba, alhali tarihin sana'ar ya nuna a nan ƙarfin katanga yake. Maginan dā sun yi aiki da ƙa'ida ɗaya: abin da za a haɗa tubali da shi ya zama jinsinsa, kada ya fi shi tauri. Sakin wannan ƙa'ida na cikin abin da ke kayar da tsofaffin gine-ginenmu a yau.

A birane irin su Kano da Zariya da Katsina, ƙasa ɗaya ake haƙowa daga kududdufi a yi tubali da ita, a kuma yi kwaɓi. Ana jiƙa ta, a zuba ciyawa da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa. Tubalin da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini ya jera shi tsinin na sama, ya watsa kwaɓi da ƙarfi har ya cike kowane gurbi, ya bar sahun ya sha iska kafin ya ɗora wani. Da yake tubali da kwaɓi asalinsu ɗaya, tare suke shan laima, tare suke bushewa, katangar ta zama dunƙule guda. Da ƙasar nan aka ta da ganuwar Kano wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, da Gidan Rumfa a ƙarni na 15, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ko yaɓen kariya bai fita daga ƙa'idar ba: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina, duk suna kore ruwan sama ba tare da sun kulle laima a ciki ba.

Siminti baƙo ne. A 1824 Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila, masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato ta biyo baya a shekarun 1960. Da shi bulo da kwano suka shigo, birkila ya fara karɓe aikin magini. Laifin ba na siminti ba ne, domin tsakanin bulo da bulo shi ne jinsin da ya dace. Ɓarnar ta zo ne da aka fara shafe katangar ƙasa da shi. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba sa motsi tare idan zafi ya sauya. Sai ya tsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta narke a ɓoye, har ranar da filastar ta ɓanɓare da rabin katangar.

Wani zai ce ai ginin ƙasa kullum cikin gyara yake, kuma duk damina ana jin gidaje sun rufta. Gaskiya ne yana son yaɓe a kai a kai, kuma wannan nauyi ne ga mai gida. Amma a binciki gidajen da ke faɗuwa: yawanci indararo ne ya toshe, ko ruwa ya kwanta a gindin katanga saboda an cike kududdufin da yake gangarawa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, tana tsaye tun sake gininta a 1844 saboda mutanen garin ba su fasa yaɓe ba. Wani kuma zai ce sana'ar ta zama tarihi. Masallacin Yaama a jihar Tawa, wanda Falke Barmou ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma da ƙasa aka gina shi.

Ƙa'idar ta shafi har jan bulo mai ramuka da ake gasawa daga yumɓu. Busasshensa yana zuƙe ruwan kwaɓi nan take, don haka ake jiƙa shi kafin a ɗora, kuma kwaɓin da siminti ya yi wa yawa yakan sa bulon ya tsage maimakon haɗin. Tsagewar haɗi ana cike ta da cokali ɗaya, amma fashewar bulo sai an rushe. Saboda haka ya kamata makarantun koyon sana'a su riƙa koyar da kwaɓin ƙasa da makuba tare da na siminti, masu kula da kayan tarihi kuma su hana shafa siminti a kan tsohon gini, su nemi iyalan Sarkin Magina tun masu sanin aikin suna raye.